Asabar ɗin da Baba Istifanus Bai Ji Ƙararrawa Ba

Akwai wata Asabar da ta ƙi fita daga raina, ko da yake shekaru sun tura. Kun ce kafin in miƙa makullin ɗakin na'ura in koma gida, in ba ku labarin abu guda da ya same ni a bakin aiki. Na san wasunku suna jiran labarin ranar da janareto ya kama wuta, ko ranar da maciji ya shigo situdiyo ana tsakiyar karanta labarai. Waɗannan kun sha jin su. Wanda zan ba ku yau ban cika ba da shi ba, domin ba ya sa dariya.

A lokacin ina Babban Jami'in Fasaha a sashen sauti na wannan gidan rediyo namu na Keffi. Ga baƙinmu da ba 'yan gida ba, aikina shi ne zama a bayan gilashi. Mai gabatar da shiri da baƙonsa suna ɗaki guda, makirufo a gabansu. Ni kuma ina ɗaya ɗakin da na'urar haɗa sauti, wadda muke kira mikisa. Ni nake buɗe makirufo, ni nake rufewa, ni nake sa waƙa da talla, ni nake lura kada murya ta nutse ko ta fashe. In shiri ya yi kyau, ba wanda ya san ina wurin. In ya lalace, sunana ake fara tambaya.

Shekarun nan ne Abuja ta cika ta fara zubo mana mutane. Ma'aikatan da kuɗin haya ya koro daga cikin birni suna ta gini a Mararaba da Masaka, wasu har nan Keffi. Safe da yamma titi ya cushe, mutum ya yi awoyi a cikin mota ba shi da abokin hira sai rediyo. Da yawa daga masu sauraronmu a lokacin a cikin gosulo suke jin mu.

Wata safiya maigadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana bakin ƙofa, yana neman wanda ya sa waƙar Indiya jiya da yamma. Na fita na tarar da wani tsoho dogo, siriri, ya sa riga fara mai gajeren hannu ya cusa ta cikin wando, yana rungume da jakar fata. Muka gaisa. Sai ya ce, "Kai ne Injiniya? Kai ka sa wa baiwar Allah nan gudu jiya?"

Na ce, "Baba, wace baiwar Allah?"

Ya ce, "Mawaƙiyar. Ba haka muryarta take ba. Kaset ɗin da kuke da shi bugun Dubai ne, yana gudu fiye da ƙima. Kun mai da babbar mace yarinya."

Na so in ba shi haƙuri in sallame shi, amma ya riga ya buɗe jaka. Ya fito da faifan garmaho guda biyu, da kaset, da sidi, dukkansu na waƙoƙin fim ɗaya. Muna da na'urar juya faifai a ɗakina a lokacin, ta yi ƙura don ba mai taɓa ta. Na goge ta, muka sa. Wallahi ban taɓa jin kunya da daɗi a lokaci guda kamar ranar ba. Ni da nake cin abinci da kunne, na yi shekaru ina sa waƙar nan ban san ba muryar matar nake watsawa ba.

Sunansa Baba Istifanus, mutumin Garaku, amma a nan unguwar Tudun Ƙofa yake zaune. Aikin gidan waya ya yi har ya yi ritaya. Tun yana saurayi, lokacin da aka tura shi aiki Jos, ya kamu da son finafinan Indiya, ko in ce waƙoƙinsu, don ya sha gaya mini cewa labarin fim bai dame shi ba. Da yake ya san hanyar da ƙunshi yake bi daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ya riƙa yin odar fayafai ta gidan waya. Abin da ya bambanta shi da sauran masu tarawa shi ne ba yawan finafinai yake nema ba. Fim ɗaya zai saya sau uku, sau huɗu, kowane bugu da ya fito. Matarsa, Mama Rifkatu, takan ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da zai sayi riga iri ɗaya sau huɗu ba, ya kuma rantse cewa kowacce da ɗinkinta.

Kuma kowacce da ɗinkinta ɗin. Shi ya koya mini. Bugun farko na Indiya faifai ne mai nauyi a hannu, sautinsa yana da fili, kana jin girman ɗakin da makaɗa suka zauna. Bugun Legas an ƙara wa ganga kauri saboda masu rawa, sai sarewa ta nutse a ƙarƙashinta. Kaset ɗin Dubai, ban da gudu, sukan gutsure wutsiyar waƙa don ta shiga zare. Sidi kuwa an wanke shi tas, babu ƙas-ƙas ɗin allura, babu hucin kaset, amma wankin yakan tafi da sirararan sautuka. Baba yakan ce kamar miya ce da aka tace har aka tace daddawar. Da finafinan Hausa suka fara tashe, su ma ya bi su. Zai gaya maka wannan kaset kwafin farko ne daga situdiyon Kano, wancan kuwa jikan kwafi ne da aka juya a kasuwa.

Na kai maganarsa wurin Shugaban Sashen Shirye-shirye, Alhaji Bala, Allah ya jiƙansa. Ba a daɗe ba aka buɗe shirin "Daga Akwatin Baba", kowace Asabar bayan la'asar. Malama Asabe ce mai gabatarwa, lokacin tana sabuwar ɗauka. Tsarin ba shi da wuya. Baba zai zo da fim ɗaya a bugu daban-daban, in sa wannan, in sa wancan, ya bayyana wa mutane abin da za su kasa kunne su ji. Mun zaci tsofaffi kaɗai za su saurara. Sai ga direbobi, da teloli, da ɗaliban jami'a suna bugo waya. Har a kasuwa za ka ji mai sayen kaset yana ce wa mai shago, "Wannan bugun ina ne?" Masu shaguna ba su so mu ba a lokacin.

Mun yi shekaru a haka kafin in fara lura da wani abu.

Makunnin da ke ƙara ko rage sautin hedifon ɗin baƙo a gefena yake. Farkon zuwan Baba, a rabi nake barin sa, har wani lokaci ya yi mini alama in rage. Sannu a hankali sai alamar ta koma ta a ƙara. Wata bayan wata ina murɗawa, har makunnin ya kusa ƙurewa. Ta kai Asabe tana jin abin da ke fita daga hedifon ɗinsa daga inda take zaune. Sannan na ga in za a yi masa magana yakan juyo da kunnen dama. Na kuma ga kafin ya yi bayani a kan kowane faifai, sai ya ɗauki bangonsa ya duba, abin da da can ba ya yi.

Wata rana bayan an gama shiri na ce masa, "Baba, hedifon ɗinka yana zubo sauti cikin makirufo. Ko dai kunnen ya fara gajiya ne?"

Ya ce, "Hedifon ɗinku ne ya tsufa, Injiniya. Ku sayi sabo."

Na cire nawa, wanda ya fi kowanne kyau a gidan, na ba shi. Asabar ta gaba ya sa, ya ce, "Yauwa! Ka ji bambanci." Amma makunnin yana nan inda yake, ban rage ko kaɗan ba.

Ana nan sai maganar talla ta taso. Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun san halin da muke ciki. Kuɗin da ake turo wa gidan ba ya isa man janareto, don haka aka ce duk shirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi za a ɗauke shi daga lokaci mai kyau. Yammacin Asabar kuwa kowa yana so. Alhaji Bala ba ya son a taɓa shirin Baba, sai ya shiga nema, har ya samo wani kanti a Abuja mai sayar da rediyo da manyan lasifikoki. Suka yarda, amma da sharaɗi. Suna son gasa. A sa waƙa ɗaya a bugu daban-daban ba tare da Baba ya ga wanda aka sa ba, ya faɗa da kunne kawai. Masu sauraro su ma su bugo su gwada. Wanda ya kayar da Baba a ba shi rediyo. Kuma kai tsaye suke so, ba naɗaɗɗe ba.

Da aka tashi daga taron na bi Alhaji Bala ofis. Na ce, "Yallaɓai, ina ganin a naɗi shirin nan tukuna, a sa daga baya."

Ya ce, "Ka ga wani abu ne?"

Na gaya masa maganar makunni da kunnen dama. Ya juya biro a hannunsa. Can ya ce, "Ni da kai ba likitoci ba ne. Kuma ba za mu yanke wa dattijo hukunci a bayansa ba. Mu tambayi mai kunnen."

Aka kira Baba. Alhaji Bala ya yi masa bayani a hankali, ya ce idan ya fi son a naɗa, shi zai san yadda zai shawo kan masu kantin, idan kuma ba ya son gasar gaba ɗaya, a bar ta. Baba ya yi dariya ya ce, "A naɗa? Sai gari ya ce an faɗa mini amsa. Ranka ya daɗe, a yi kai tsaye. Fayafan nan na san su kamar 'ya'yana."

Na raka shi bakin titi don ya hau acaɓa. A hanya na ce, "Baba, ai kana ganina ta gilashi. In faifai ne zan taɓa hula, in kaset ne zan taɓa gemu. Ba wanda zai sani."

Ya tsaya cak, ya dube ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Injiniya, na yi aikin gidan waya har na tsufa, ban taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba. Yanzu da furfura zan fara satar amsa? Kada ka sake."

Na ba shi haƙuri. Ban sake ba.

Ranar ta zo. Mun yi mako muna sanarwa, don haka gari ya sani. Wakilin kantin ya iso daga Abuja da kwalin rediyon kyauta, wani matashi mai fara'a. Aka kafa allo a gefena don kada Baba ya hango na'urar da nake taɓawa. Wakilin ne zai zaɓi wanda za a sa, ni nawa sawa. Waƙar da aka zaɓa tana cikin waɗanda Baba ya fi so, wata waƙar rawa da a tsakiyarta ganga take tsayawa, ƙararrawar ƙafar mai rawa ta shigo ita kaɗai. Ya sha nuna mini wurin, har na san layin da zan ɗora allura a kai ba tare da na lalube ba.

Wakilin ya fara nuna kaset. Na sa. Ba a yi nisa ba Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan na Dubai ne. Ba ku ji tana sauri kamar ta bar tuwo a wuta ba?" Asabe ta yi tafi, wakilin ya yi dariya, ni kuma na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina wataƙila ni ne na cika tsoro. Ban tuna ba cewa gudun waƙa ko kunnen da ya gaji yana iya kama shi.

Na biyu, wakilin ya nuna bugun farko na Indiya. Na ɗora allura. Faifan ya tsufa, ƙas-ƙas ɗinsa yana fita sarai tun kafin kiɗa ya fara. Baba ya rufe ido, ya dafe hedifon da hannu biyu. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan sidi ne. Kun ji yadda aka wanke shi, babu ko ɗigon datti."

Asabe ta ɗago ta dube ni ta gilashi. Ƙa'idar gasar ita ce ba a faɗin amsa sai an ɗauki waya, don haka ta ce a buɗe layi. Wanda ya fara shigowa direban bas ne. Ya ce, "Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibinka ne, ba na wuce shirin nan. Amma Baba, da girmamawa, wannan faifai ne. Ina cikin gosulo a Mararaba yanzu haka, lasifika ɗaya ce ma ke aiki a motata, amma ina jin allura tana ƙas-ƙas."

Sai da Asabe ta maimaita wa Baba abin da direban ya ce. Baba ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗana, ƙarar motarka ce. Bari in nuna maka. Injiniya, kai mu wurin da ƙararrawa take shigowa. A faifai tana fita tar, kamar a gabanka ake rawar. A sidi an danne ta. In ta shigo kowa zai raba gardama da kunnensa."

Ba ni da yadda zan yi. Na ɗaga allura na ɗora a kan layin. Ganga ta tsaya, ƙararrawa ta shigo, tar, kamar yadda ya faɗa, don ba a taɓa yin bugun da ya fitar da ita kamar wannan ba. Ta cika ɗakina, ta cika situdiyo, ta cika duk motar da ke kan titin Abuja da ta kamo mu. Baba yana zaune ido a rufe, yana jira.

Can ya ce, "Injiniya, matsa gaba kaɗan. Ba a iso wurin ba."

Asabe yarinya ce a lokacin, kuma tana ƙaunar tsohon nan kamar kakanta. Ba da nufin komai ba, makirufo a buɗe, ta ce, "Baba, ai ita ce take bugawa."

Ya buɗe ido. Na sauke waƙar. Sai shiru.

A aikinmu babu laifin da ya kai shiru a iska. Ana koya wa kowane sabon ma'aikaci cewa ko rufin ɗaki ne ya faɗo, kada ka bar rediyo ba sauti. Ranar na bar shi, ban san tsawon lokacin ba. Da na farga na danna abin da ke kan layi, kuma abin da ke kan layi tallar kantin ce, wata murya tana ihu cewa lasifikarsu za ta jiyar da kai abin da ba ka taɓa ji ba.

Tallar tana tafiya na zagaya na shiga situdiyo. Ya cire hedifon ya ajiye a kan tebur. Ya ce mini a hankali, "Ta buga?"

Na ce, "Ta buga, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Koma wurinka, talla za ta ƙare."

Da na buɗe makirufo, shi ya fara magana, murya ba rawa. Ya ce, "Jama'a, direba ya yi gaskiya, faifai ne. A ba shi rediyonsa, ya ci da guminsa. Ni kunnena ne ya yi ritaya bai ba ni notis ba." Wakilin kantin ya yi dariya, Asabe ta yi ta dole, hawaye a idonta. Baba ya ƙarasa shirin har ƙarshe, ya ba da tarihin fim ɗin, ya gode wa masu sauraro. Ya mayar da kowane faifai cikin bangonsa, ya yi sallama da kowa har maigadi. Muka ce a ranmu abin ya zo da sauƙi, tsohon ya ɗauke shi da wasa.

Asabar ta gaba bai zo ba.

Ranar Lahadi da yamma, bayan na tabbata sun dawo daga coci, na je Tudun Ƙofa. Mama Rifkatu ce ta tare ni. Ta ce tun ranar bai shiga ɗakin fayafai ba, sai yau da ya ji sallamata. Ta ce, "Ɗana, ni na daɗe da sani. In ya kunna talabijin har maƙwabta suna jin labarai. Na yi magana na gaji."

Na same shi zaune a tsakiyar ɗakin, kantocin fayafai sun kewaye shi har rufi, an lulluɓe na'urar juya faifai da zane. Sai da na ɗaga murya muka gaisa. Na ce mutane suna ta bugo waya suna tambayarsa, har direban nan ya zo da kansa ya ce a mayar wa Baba rediyon, shi ba ya so.

Ya ce, "Ka ce masa ya riƙe. Yaron kirki ne. Ni na koya masa jin allura, ka ga kuwa ban yi aikin banza ba." Sannan ya ce, "Injiniya, abin da nake faɗa muku a rediyo ba ƙarya ba ne. Duk na ji su da kunnena. Amma da can na ji su. In na dubi bangon faifai, sai sautin ya zo mini a ka, cikakke, har da ƙararrawar. Ta kai na kasa rabe wanda nake ji da wanda nake tunawa. Shi ya sa na karɓi gasar. Ina so in sani."

Na ce, "Baba, da ka bari mun gwada mu biyu a ɗaki, ba sai a gaban duniya ba."

Ya ce, "Da ka tausaya mini ka ce na ci. Kai da ka ce za ka taɓa mini hula."

Gaskiya ya faɗa.

Alhaji Bala da kansa ya je, ya roƙe shi ya dawo a sauya tsarin shirin. Ya ce ba sai ya saurari komai ba, ya zo kawai ya ba da tarihin kowane bugu, ni in sa, Asabe ta yi tambaya. Tsari ne mai kyau, kuma na tabbata da tun kafin gasar muka kawo shi, da ya karɓa ba tare da ya ji an rage masa komai ba. Amma yanzu ya ce a'a. Ya ce duk wanda ya kunna rediyo zai riƙa jin tausayinsa ne, ba bayaninsa ba, shi kuwa bai saba a ji tausayinsa ba. Asabe ta je ta durƙusa tana kuka tana neman gafara. Ya ce, "'Yata, tashi. Ke kaɗai ce kika faɗa mini gaskiya a lokacin da ta faru."

Ɗansa da ke aiki a Abuja ya kai shi asibiti, aka ba shi ɗan abin da ake maƙalawa a kunne. Ya taimaka masa wajen hira. Amma ya ce in ya sa waƙa da shi, duk bugun ɗaya suke zama, kamar ana kiɗa a cikin gwangwani. Daga baya ƙafa ta fara ba su wahala shi da Mama, ɗan ya kwashe su zuwa gidan da ya gina a Masaka. Gidan ba shi da ɗakin da zai ɗauki kantocin nan.

Baba ya aiko cewa yana so ya ba gidan rediyo fayafan duka, kyauta. A lokacin mun koma kwamfuta, an fitar da na'urar juya faifai daga ɗakina, kuma ba mu da ɗakin ajiya da rufinsa ba ya yoyo. Aka yi ta shawara har ranar tashinsu ta zo. Na je na ɗebi abin da ɗakina na gida zai iya ɗauka. Sauran wani dillali daga Abuja ya kwashe, irin masu sayar wa otal-otal tsofaffin kaya don ado a bango. Shi kyan hoton bango yake dubawa. Ya ɗauki bugun Legas ya bar na Indiya, ya ɗauki faifai ya watsar da kaset. Abin da Baba ya yi rayuwarsa yana haɗawa wuri ɗaya don a ji bambanci, a yini guda aka raba shi. Ko shirye-shiryen da muka yi da shi ba mu da su, domin ƙa'idar lokacin ita ce a goge zare a sake naɗa wani abu a kai. Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Mun je jana'izarsa a Garaku, ni da Alhaji Bala da Asabe.

Na sha juya abin nan a raina, ban sami mugu a cikinsa ba. Alhaji Bala shirin yake so ya ceta. Masu kanti kasuwarsu suke nema. Direba abin da aka koya masa ya faɗa. Baba kuma da ƙafarsa ya shiga. Duk da haka mun yi asarar da ba ta mayuwa, kuma mun yi ta ne tun watannin da muke ganin alamu muna jiran wani ya fara magana.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki kunne kayan aiki ne kamar kowace na'ura, yana cinyewa. Bambancinsa da na'ura shi ne ba ya ƙara in zai lalace, kuma mai shi ne na ƙarshen sani, domin ƙwaƙwalwa tana cike masa gurbin abin da ya ɓace. Bara na je asibiti aka gwada nawa. Ma'aikaciyar ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji sauti. Na ɗaga, na ɗaga, sannan na zauna ina jiran na gaba, sai ta ce an gama tun ɗazu, sauran sautukan sun wuce ban ji su ba. Washegari na roƙi a ɗauke ni daga kan mikisa a mai da ni horar da sababbi. Wasunku sun yi ta tambayar dalili. To, yau kun ji.

Ku da za ku ci gaba, za ku zauna kusa da juna shekara da shekaru, za ku ga abin da mai sauraro ba ya gani. Wata rana za ku lura hannun wani ya fara rawa, ko idonsa ya daina kama rubutu, ko yana ce muku "na'am?" sau biyu. Ku faɗa masa a ɗaki, ku biyu, ko da zai yi fushi. Kuma kafin ku faɗa, ku tanadar masa wata kujerar da abin da ya sani zai ci gaba da amfani. Mu ma mun tanadar wa Baba Istifanus irin wannan kujera, mai kyau kuwa. Sai dai mun kai masa ita bayan ya riga ya tashi.